Aikin gidan 'yata kan Sarki Henri na Takwas ya tsokano min tsohon miki

Satin da ya wuce 'yata ta dawo daga makaranta nan Leeds da wani aikin gida na darasin tarihi, yarinya 'yar shekara 13 fa, wai an tambaye su me ya sa Sarki Henri na Takwas ya raba Ingila da Fafaroma, addini ne ko mace ko kuɗi ko son mulki, kuma kowa ya kawo hujjarsa. An haɗo su da takardu guda huɗu ko biyar, wannan guntun wasiƙa wancan guntun doka, an ce su faɗi wacce suka fi yarda da ita kuma don me. Ta ce Baba zo ka taya ni, na ce to, ina ganin abin minti goma ne, wallahi sai da muka kai sha ɗaya na dare muna musu.

Ga wanda bai san labarin ba, Henri ya hau gadon sarauta a 1509 yana ɗan shekara 17, ya auri Katarina 'yar sarkin Sifen wadda da matar yayansa Arthur ce da ya rasu a 1502. Suka yi ta haihuwa 'ya'yan ba sa tsayawa, mace ɗaya ce ta rayu, Meri, a 1516. Shi kuma namiji yake so, don babansa da yaƙi ya karɓi sarautar kuma yana tsoron in ya mutu ba magaji ƙasar ta sake rikicewa. Sai ya ce ai auren nan tun asali bai ɗauru ba tunda matar ɗan'uwansa ce, ya nemi Fafaroma ya ba shi fatawa a warware. Fafaroma Clement na Bakwai kuwa yana tsaka mai wuya, don sojojin Charles na Biyar, sarkin Sifen na lokacin, sun afka wa birnin Rum a 1527, Charles ɗin nan kuma Katarina innarsa ce, to wa zai ba da fatawar a wulaƙanta innar wanda takobinsa ke wuyanka. Aka yi ta ja masa rai shekara da shekaru. Da ya gaji sai ya auri Anne Boleyn a 1533, sabon babban limamin Canterbury, Thomas Cranmer, ya ce auren farko ya ɓaci, a 1534 majalisa ta yi doka cewa sarki ne shugaban cocin Ingila, Fafaroma ya riƙe Rum ɗinsa.

Abin da ya fi ba ni dariya, wannan mutumin a 1521 shi ne ya yi rubutu yana caccakar Martin Luther, malamin cocin nan na Jamus da ya yi wa Fafaroma tawaye, har Fafaroman lokacin ya ba shi laƙabin mai kare addini. Ya rabu da Rum amma laƙabi bai saki ba. Na ciro kwandalar fam ɗaya daga aljihu na nuna mata haruffa biyun nan F da D da ke gefen hoton sarki, wato laƙabin nan a taƙaice da yaren Latin, na ce kin ga wannan, kyautar Fafaroma ce har yau suke yawo da ita.

Ni dai ra'ayina kuɗi da mulki sun fi yawa a ciki, ita kuma ta tsaya a kan magaji. Na ce mata ki duba, a 1535 wazirinsa Thomas Cromwell ya sa aka bi gida-gida aka ƙididdige dukiyar coci kaf, shekara ɗaya bayan nan aka fara rufe gidajen sufayensu, daga 1536 zuwa 1540 an rufe wajen 800, aka kwashe gonaki da gine-gine aka sayar wa manyan ƙasa, kamar a ce yau gwamna ya tashi ya ƙwace duk wani waƙafi na masallatai da tsangayu ya raba wa yaransa. Wanda ya sayi gonar coci kuwa ai ba zai taɓa so Fafaroma ya dawo ba. Ɗaya daga cikin gidajen nan yana nan kusa da mu, Kirkstall, bakin kogin Aire, an miƙa shi a 1539, yanzu kango ne ba rufi, Turawa na yawo da karnukansu a ciki. Mutanen wannan yankin na arewacin Ingila ba su yi shiru ba fa, a 1536 dubun dubata suka tashi ƙarƙashin wani lauya Robert Aske, sarki ya lallashe su da alkawari suka watse, a 1537 aka rataye Aske a York. Kuma da a ce aƙida ce ta dame shi, ai da bai ci gaba da yawancin ibadar Katolika ba. A rana ɗaya cikin Yulin 1540 a Landan aka ƙona mutum uku don sun karkata ga aƙidar Luther, aka kuma rataye uku don sun ƙi barin Fafaroma, wato duk inda ka bi in ba bayan sarki ba ne ka mutu. Thomas More, tsohon babban jami'in sarki da ya ƙi rantsuwar bin sarki a wannan lamari, an sare kansa a 1535, Anne ɗin da aka yi duk wannan dominta an sare nata a 1536, shi kansa Cromwell 1540.

Ta ce amma Baba da Katarina ta haifi namiji da duk ba a yi haka ba. Na yi shiru, don gaskiya yarinyar ba ta yi ƙarya ba.

To a nan ne abin ya fara cina. Ni na yi sakandare a Kano, kuma ban taɓa tuna ranar da aka ajiye min takarda biyu masu saɓa wa juna aka ce zaɓi ɗaya ka kare ba. Malam ya rubuta a allo mu kwafa, ranar jarabawa mu mayar masa da kayansa, in ka ce malam don me sai a ce ka cika surutu. Ƙannenmu ma sun fi mu shiga uku don a lokacinsu an cire tarihi daga manhaja gaba ɗaya na tsawon shekaru, sai daga baya aka dawo da shi. Mun san Rumfa ya gina gidan sarki ya kafa kasuwar Kurmi, mun san Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, an yi Tabkin Kwatto, Alkalawa ta faɗi a 1808, shi ke nan, kamar kirari muke rera su. Sai da na tsufa na gano cewa a lissafin tarihin sarakunan Kano, Muhammadu Kisoki jikan Rumfa a 1509 ya hau, shekara ɗaya da Henri, kuma a zamaninsa malamai baƙi suka yi ta shigowa Kano da littattafai. Ba wanda ya taɓa jera min su biyun kusa da juna.

Kar wani ya ce na haɗa Shehu da Henri, ban haɗa ba, kuma ba su haɗu ba. A Ingila sarki ne ya miƙa hannu ya ƙwace addini daga malamansa. A wajenmu malamai ne suka karɓe sarauta daga sarakuna, bayan Nafata na Gobir ya hana rawani da lulluɓi ya taƙaita wa'azi, Yunfa kuma ya ɗora a kai. Shehu da ƙaninsa da ɗansa sun bar rubutu mai yawa, Henri mata shida ya bari a tarihi. Abin da nake cewa shi ne, irin takardun da aka ba 'yata muna da su, har ma waɗanda suka fi nasu zafi. Wasiƙun Shehu Laminu na Borno da Muhammadu Bello suna nan, Bello da kansa ya kawo su cikin Infaƙul Maisuri bai ɓoye ba. Laminu ya tambaya, da wace hujja kuke yaƙarmu alhali muna salla muna azumi muna ba da zakka, in don saɓo ne ai a Masar da Sham ma ana yi kuma saɓo ba kafirci ba ne. Bello ya mayar da cewa sarkin Borno ya taimaki sarakunan Hausa a kan jama'a, kuma akwai masu yanka ga itatuwa da duwatsu. Ga Abdullahi na Gwandu, ana tsakar yaƙi ya ga wasu sun koma neman dawaki da ƙwarƙwarai da muƙami, ransa ya ɓaci ya kama hanyar Makka, mutanen Kano ne suka riƙe shi. Ga Abdussalami, almajirin Shehu tun farko, da ya yi wa Bello tawaye bayan rasuwar Shehu a 1817. Su da suka yi abin ba su ji tsoron rubuta saɓaninsu ba, mu jikoki ne muke ganin in yaro ya karanta imaninsa zai girgiza.

Amma fa Turawan nan ma kar a yaba musu da yawa. Abu ne mai sauƙi ka soki sarkin da ya mutu tun 1547, har ka yi wa matansa waƙar hadda ta yara. 'Yata ta san Edward ɗan Henri ya hau yana ɗan tara, ta san Meri ta dawo da Katolika ta ƙona mutum kusan 300 har da Cranmer a 1556, ta san Elizabet 'yar Anne ta sake juyawa bayan 1558, amma na tambaye ta Lugga, Baturen da ya ci ƙasarmu da yaƙi, ta ce wane ne. Ba ta ji an ci Kano da Sakkwato a 1903 ba, ba ta ji Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ba, balle Satiru a 1906 da aka share garin gaba ɗaya. Kowa dai da ɗakin da ba ya buɗe wa baƙo, nasu kawai ya fi namu nisa daga zaure.

Ranar Lahadi bayan ta miƙa aikinta na zaunar da ita da ƙaninta, na ba su labarin Laminu da Bello da Hausa, da 'yar Hausarsu da ke tafiya tana ɗingishi, na ce kowa ya faɗi wanda hujjarsa ta fi ƙarfi. Mamansu tana kicin tana jin mu, ta leƙo ta ce ka dai bi a hankali da maganar bayin Allah. Yarinyar ta yi tambayoyi sun fi goma, wasu na amsa wasu na ce sai na tambayi kawunta da ke Zariya don shi ya yi karatun zaure sosai. Daga ƙarshe ta ce to Baba kai wa kake ganin ya fi gaskiya, kuma ka kawo hujja. Na buɗe baki na rufe, na ce ku tashi mu ci abinci tukuna.