Sanyi Ya Shigo, Wa Zai Yi Wa Yaranmu Tatsuniya?

Jama'a, sanyi ya shigo, kuma ni ina cikin masu yi masa maraba. Na san akwai waɗanda ba sa shiri da shi ko kaɗan, suna kuma da hujjarsu. Leɓe ya tsattsage, dunduniya ta yi faso, mura ta bi gida ɗaki-ɗaki, wankan safe ya zama abin da sai mutum ya tsaya ya ba zuciyarsa baki kafin ya taɓa ruwa. Duk na yarda. Amma a tsawon shekara babu lokacin da yake dawo wa ƙananan abubuwa da martabarsu kamar wannan. Safar da aka jefar a lungu lokacin zafi, yau ita ake birkita ɗaki ana nema. Bargon da aka naɗe aka manta da shi ya zama abin rububi. Hasken hantsi da ake gudu a baya, yanzu sai ka ga dattijo yana jan kujerarsa yana bin sa duk inda ya matsa.

Shi ya sa sayayyar wannan lokaci ta fi mini daɗi a kan ta kowane lokaci. Ina nufin 'yar ƙaramar sayayya, wadda ba ta bukatar dogon tanadi: safa mai kauri, hular sanyi ta yaro, man shafawa, man leɓe, ɗan littafin rubutu, fitila mai laushin haske. Ka tsaya ka shafa yadin da hannunka, ka ɗaga wannan ka ajiye, ka gwada waccan hular a dunƙulen hannu kana kwatanta girman kan ɗanka. Kafin dare ya yi abin ya fara aiki. Ƙafar da ta kwana a sandare jiya, yau ta kwana da ɗumi, kwalliya ta biya kuɗin sabulu a ranar da aka saya. Kayan sayarwa kaɗan ne suke cika alkawari da sauri haka.

Dubi basilin kawai. Wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ne ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1872, bayan ya ga ma'aikatan rijiyoyin mai suna shafa wani maiƙo da ke taruwa a jikin injinansu a kan ƙuna da yanka. Fiye da shekara 150 ke nan, har yau aikinsa bai canza ba. Iska mai sanyi ba ta riƙe danshi sosai, sai ta riƙa zuƙe na jikinmu, shi kuwa man ya rufe fata ya hana ruwan fita. Don haka ya fi amfani idan an shafa shi jim kaɗan bayan wanka, jiki bai gama bushewa ba. Haka tufafi. Ɗumin daga jikinmu yake fitowa, aikin riga shi ne ta tsare iskar da ta ɗumama a tsakanin zarenta, shi ya sa riguna biyu ko uku marasa nauyi sukan fi ɗaya mai kauri. Sanin irin waɗannan abubuwa yana ƙara mini daɗin sayen, domin na san me nake biya.

Abin da ba na so shi ne yadda aka mayar da ƙarshen shekara lokacin farautar aljihu. Daga Amurka aka fara ranar rangwame ta Juma'ar ƙarshen Nuwamba, a Sin kuma akwai ta 11 ga Nuwamba, yanzu intanet ta kai su ko'ina. Waya ta yi ta ƙara, ana ƙirga maka mintuna, ana ce maka saura kaɗan kaya su ƙare. Mutum ya saya cikin fargaba, kaya su iso, murnar ta kwana biyu ta wuce, bashi ya zauna. Zuciyar ɗan Adam tana da saurin sabo da sabon abu, babba ko ƙarami. Wanda ya gane haka zai ga cewa ƙananan daɗi da ke zuwa a kai a kai sun fi babba guda ɗaya da ya cinye kuɗin wata.

Akwai kuma wani sirri da iyayenmu suka sani tun kafin masana su auna shi. A 2008 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Kanada, Elizabeth Dunn, da abokan aikinta suka ba mutane 'yan kuɗi kaɗan, aka ce wasu su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani. Da yamma, waɗanda suka kashe wa wani su ne suka fi farin ciki. To, sanyi ba ya raba kansa daidai. Mai gadi da ke kwana a waje, tsohon da jininsa ya yi rauni, yaron da ke fita makaranta da riga ɗaya, su ne suke shan wanda ya fi yawa. Idan za ka sayi safa, in da hali sayi biyu. Ka san wanda za ka ba, ba sai na faɗa maka ba.

Bari in tsaya nan in roƙe ku abu guda, don yana ci mini rai duk shekara. Kada a shigar da garwashi ko gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, haka janareta. Suna fitar da iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Mutum yana barci ba zai ji komai ba. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko ga wanda yake farke. A fitar da wuta kafin barci, a ƙara bargo.

Amma babbar kyautar da sanyi yake kawowa ba a kasuwa take ba. Dogon dare ne.

Da yawa mun taso da zaton rana ce take yi mana nisa. Alhali a farkon Janairu ne duniya ta fi matsowa kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuwa tazarar takan kai miliyan 152. Abin da ke faruwa shi ne a karkace duniya take juyawa, da kusan digiri 23 da rabi. Ɓangaren da ya kauce wa rana sai haske ya riƙa sauka a kansa a kaikaice, yini ya gajarce, dare ya miƙe. Mutanen arewacin duniya suna samun darensu mafi tsawo a 21 ko 22 ga Disamba, na Afirka ta Kudu da Ajantina da Ostareliya kuwa nasu sanyin daga Yuni zuwa Agusta yake zuwa. A garin Tromso na ƙasar Nowe, daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa sam. Wani wuri ƙanƙara ce, wani wuri busasshiyar iska da hazo, amma ko'ina sakamakon ɗaya ne: mutane su shige ɗaki da wuri, su matso kusa da juna.

Idan kuwa mutane suka matso kusa da juna da dare, hira ce ke tashi, kuma hirar dare daban take da ta rana. Wata masaniya, Polly Wiessner, ta daɗe tana nazarin rayuwar wasu mafarauta na hamadar Kalahari, ta rubuta hirarrakinsu ta tantance. A sakamakon da ta fitar a 2014, labarai ba su wuce kashi 6 cikin 100 na maganar rana ba, domin da rana batun neman abin kai wa baki da rabo da ƙorafi ne ya cika baki. Da dare a bakin wuta kuwa, kashi 81 cikin 100 labarai ne. Da na karanta wannan sai na ji ƙwalla ta taru mini, domin na gane ɗakin da na girma a ciki.

Ina tuna yadda muke curewa cikin bargo ɗaya, ƙafafu sun sarƙe, kowa yana jan nasa gefen. Ina tuna yadda muryar kaka take canzawa, ta yi ƙasa-ƙasa idan dodo ya kusa, ta yi siririya idan marainiya ce ke magana. Sai waƙar da ke tsakiyar labari, wadda mu ne muke amsawa. Idan ta tsallake wani wuri, nan take wani zai ce, ai Kaka ba haka kika faɗa jiya ba. Ta yi dariya ta koma baya ta gyara. Mun san ƙarshen labarin sarai, amma duk dare sai gabanmu ya faɗi a wuri ɗaya, kuma muna son faɗuwar gaban, saboda hannunta yana kusa. A nan muka fara sanin tsoro ba tare da ya cutar da mu ba. A nan muka fara jin zafin zalunci, muka koyi tausayin wanda ba shi da kowa, tun ba mu san sunan waɗannan abubuwa ba.

Da girma ya zo na gano cewa yaran duniya duka a ɗaki irin namu suka zauna. Mai wayon da muke kira Gizo, mutanen Akan na Gana suna da nasu gizon mai suna Anansi, a gabashin Afirka zomo ne, a Turai dila. Labarin yarinyar da matar uba ta gallaza wa, daga baya Allah ya ɗaukaka ta, an rubuta irinsa a Sin tun ƙarni na 9. A 2016 wasu masana biyu, Sara Graça da Silva da Jamie Tehrani, suka bi salsalar tatsuniyoyin Turai da Asiya, suka ƙiyasta cewa akwai wadda ta kai kusan shekara 6,000, ta wani maƙeri da ya yi yarjejeniya da shaiɗan ya kuma fi shi wayo. Ku duba fa. Duk tsawon wannan zamani babu abin da ya ɗauko ta sai bakin babba da kunnen yaro. Dauloli sun tashi sun faɗi, ita tana nan, domin a kowane zamani an samu wanda ya zauna da dare ya faɗa.

Na san abin da wani zai ce: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai gaskiya a ciki. Ƙuruciyarmu ba aljanna ba ce, an sha sanyi babu isassun tufafi, an yi tari babu magani. Ba na fatan yaran yau su koma can. Kuma ba na gaba da waya, ga shi a kanta kuke karanta ni. Abin da nake kewa takamaimai ne: babban mutum ya ajiye komai, ya juyo gaba ɗayansa ga yaro. Bidiyo ya fi kaka launi da kiɗa, amma ba ya ganin fuskar mai kallo. Ita tana gani. In ta ga ƙaramin ya tsorata da yawa sai ta rage wa dodo haƙora, in ta ga wani ya yi ƙarya da rana sai ga maƙaryaci ya ɓullo a labarin dare, ba tare da an kira sunan kowa ba. In an tambaye ta me ya sa, ta amsa. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana, ta kuma ambaci karatu da ba da labari tare da mai reno a matsayin abin da ya fi.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, layi ya zo kanmu ba mu lura ba. Mu ne iyaye, mu ne gwaggo da kawu, wasunmu ma sun fara jika. Muna zaune muna kewar mai ba da labari, yara kuwa suna gefenmu suna jiran nasu. Uzurin da na fi ji shi ne na manta tatsuniyoyin. To fara da rabin da ka tuna. Ka ƙirƙiri sauran, ko ka tambayi yaron yadda yake ganin za ta ƙare, zai ba ka mamaki. In tatsuniya ta gagara, ba shi labarin ranar da ka ɓata kana ƙarami, ko yadda kakansa yake tafiya, ko abin da ya fi ba ka tsoro kana shekarunsa. Yaro ba ya neman gwaninta. Minti goma sun isa, a kashe babbar fitila, a ajiye waya nesa.

In kuma akwai tsohuwa ko tsoho a danginku da har yanzu yake riƙe da su, ku je ku same shi cikin wannan sanyin, ku tafi masa da safa ko mayafi, ku tafi da yara. Ku roƙe shi ya yi muku ko da guda biyu, ku naɗi muryar a waya, ku tura wa sauran 'yan uwa. Ku fi matsa masa a kan waƙoƙin da ke tsakiyar labari, domin su ne suke fara ɓacewa. Zaren labari ana iya ɗinke shi daga bakin mutum biyu ko uku, amma karin waƙa in ya tafi da mai shi, babu wanda zai iya dawo da shi.