Furfura ta zama abin dariya a wayoyinku

Jiya bayan La'asar na tsaya wajen wani mai POS nan Mabera zan ciri ɗan kuɗin cefane, sai na iske wani dattijo a gabana, zai haura saba'in, rigarshi fara ƙal ta sha guga, hular ta ɗan koɗe amma tsaf take, ga carbi a hannun hagu. Ya miƙa kati, anka ce Baba sa lambarka. Ya danna ba ta yi ba, ya sake ba ta yi ba, mai POS ya ce mishi saura sau ɗaya fa katin ya kulle. Sai bawan Allahn nan ya laluba aljihun gaba ya zaro wata 'yar takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa, ya kai ta dab da ido, hannu na rawa. Ina cikin kallon ikon Allah sai na ji dariya a bayana. Wasu samari uku ne a kan kabu-kabu, ɗaya ya ɗaga waya ya saita tsohon, yana cewa Baba netwok ɗin kanka na ya ɗauke.

Dattijon ya waiwayo a hankali ya ce, "Ɗana, mi niy yi maka?"

Wlh har yanzu tambayar nan ba ta bar kunnena ba. Na yi ma yaron magana, ya ce haba yaya wasa na hwa, mutanen TikTok za shi gaisar. Wasa! Da sa'an kakanka. Na tsaya kanshi har ya goge, ko kuma ya nuna min kamar ya goge, Allah masani. Da na kama ma tsohon ya ciri kuɗinshi, 'yan kuɗin fansho ne ashe, malamin firamare ne da ya yi shekara 35 yana cin ƙurar alli, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Bar su ɗana. Mu ai mun zama kaya, lokaci ɗai muka jira."

To wanga shi ne ya hana ni barci. Dariyar yaron ta ɓata min rai, amma maganar tsohon ta fi ta ciwo, don ya riga ya yarda. An yi ta faɗa mishi da ido da baki da waya cewa ba shi da sauran amfani har shi ma ya karɓa ya sa a aljihu. Mutumin da ƙila shi ya koya ma uban yaron nan rubuta sunanshi.

Samari, 'yan uwana, don Allah mi ya kai mu nan? Ba yau na fara gani ba. Tsohuwa ta yi tuntuɓe a bakin kasuwa, kafin a samu mai ɗaga ta an samu mai ɗaukar bidiyo. Tsoho ya kasa faɗin sunan WhatsApp daidai, a sa shi ya maimaita sau biyar ana ƙyaƙyatawa, a ɗora mishi kiɗa a watsa ma duniya. Jika da kanshi zai zauna kusa da kakarshi wadda ta fara ruɗewa, ya riƙa tsokanarta tana amsa shirme, shi kuma yana tara mabiya. Kar wani ya ce min ai wasan kaka da jika ne. Mun san wasan jika, mun yi shi, kakata har mijina take ce min in ce mata ta tsufa na sake ta, a yi dariya a tsakar gida ta ba ni tsarabar ƙuli-ƙuli magana ta ƙare nan. Ba a taɓa kai wasan jika kasuwa ba, balle gaban mutum dubu hamsin da ba su san darajarta ba.

Kuma ruɗewar nan da kuke ma dariya ciwo ne fa, ciwon mantuwa ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali har mutum ya manta sunan ɗan da ya haifa. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Kware, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba, akwai likitocin abin. Amma mu a'a, in namiji ne mu ce ya zare, in mace ce kuma ba ta da mai tsaya mata sai ka ji matan unguwa sun fara raɗa wai mayya ce, a hana yara karɓar ko alewa daga hannunta. Wannan ma wani zalunci ne da ranar shi na nan zuwa, ku matan da ke wanga aiki ku ji tsoron Allah.

Abin mamaki duk yaran ga sun yi Islamiyya. Sun haddace ayar Suratul Isra'i, aya ta 23, wadda ta ce in iyaye sunka tsufa a wurinka ko "uf" kar ka ce musu. Uf kawai, ina ga ɗaga waya? Sun ji hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa ba ya cikinmu wanda ba ya tausayin ƙanananmu kuma ba ya girmama manyanmu. Ranar da anka buɗe Makka, Sayyidina Abubakar ya jawo mahaifinshi Abu Ƙuhafa, tsoho tukuf ga makanta, ya kawo shi gaban Manzon Allah (SAW), sai Annabi ya ce mi ya sa ba ka bar dattijon a gida ba ni in je in same shi? Shugaban halitta kenan, a ranar nasara. Kai kuma da ko kuɗin data sai ka roƙi uwarka, kai ne za ka tsaya kana ma furfura gwalo.

Mi kuke taƙama da shi ne wai? Ƙarfi? Ku koma Suratur Rum aya ta 54, rauni ne farko, sai ƙarfi, sai a koma rauni da furfura, ba wanda anka ɗauke ma in dai ya yi tsawon rai. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wasunku ma da kodin da tiramol ɗin da suke ɗirka, da askin nan kamar an yi gobara a gefe ɗaya, anya za su kai shekarun malamin nan da ƙafarsu? Wayar da kuke ganin kun iya, nan da shekara talatin wata aba ce za ta fito wadda ku ma sai an riƙe muku hannu. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. An ce babba juji ne, eh, don ya haɗiye ɓacin ran gida a zauna lafiya, amma ku kun ɗauki maganar a zahiri kuna ta zuba shara.

Kuma a Sakkwato! Garin da Nana Asma'u, wadda ta rasu 1864, ta ɗauko mata dattijai ta naɗa su jaji, wato jagororin karatun mata, ta ɗora musu malfa, su ke jagorantar 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su karantar. Tsufansu shi ne ma ya ba su damar fita da ɗaukar amanar. Garin da Waziri Junaidu ya kai shekara casa'in ana zuwa daga jami'o'i ana durƙusawa gabanshi neman tarihi har ya bar duniya a 1997. Shehu Shagari ya yi 93 kafin ya rasu a 2018, shekara 35 bayan an sauke shi daga mulki, amma gidanshi bai rabu da masu neman shawara ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ko da kuwa rimin na da kyamara.

Ku kuma iyayenmu, ku gafarce ni, ba isa ta kai ni ba, amma don Allah ku daina cewa kun zama kaya. Wa ke sasanta aure in ya tashi mutuwa? Wa ya san iyakar gonar gado in rigima ta taso? Wa ke cika sahun farko da Asuba lokacin da mu muke minshari da waya a ƙirji? Annabi (SAW) ya ce mafi alherin mutane wanda rayuwarshi ta yi tsawo kuma aikinshi ya yi kyau. Gwamnati dai kar ku sa rai da yawa, an sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattijai ta ƙasa tun farkon 2018, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1 ga Oktoba ranar tsofaffi, ranar da mu muke bikin 'yancin kai ba wanda ke tuna su. 'Yan siyasa kuwa sai zaɓe ya matso suke sanin hanyar gidan tsoho, da taliya da sabulu da mai ɗaukar hoto a baya, su ma ɗin dai waya ce.

Mu gyara don Allah, kowa ya ja ma nashi kunne, in ka ga ana yi ka hana ko da za a ce ka cika shisshigi.

Ni dai na taso na iske dakalin ƙofar gidanmu cike da dattijai bayan Magariba. In za ka gifta sai ka cire takalmi ka riƙe a hannu, ka rage tsawo ka gaida su ɗaya bayan ɗaya, mai keke ma sauka yake ya tura. Tsohon da ba ka haɗa komai da shi ba zai aike ka sayen goro ka tafi da gudu, in ka yi ba daidai ba ya tsawata maka, ka koma gida ka yi shiru don ka san in Baba ya ji sai an ƙara maka. Yau ka taɓa ɗan wani ka ga uwarshi da mayafi a kafaɗa. Dakalin yana nan ba a rushe shi ba, na bi ta wajen daren jiya a hanyar komawa gida, samari ne jere a kai kowa fuskarshi na haske da waya, ga wani tsoho tsaye gefe ya dogara da sanda yana jiran a tada sallar Isha'i.