Ƙwayar bitamin ba ta kankare dutsen da ke ƙarƙashin dasashi

A birnin Kumasi na Ghana, a kasuwar Kejetia, da shagunan magani na Aboabo da Asawase, har da cikin motocin haya, ana tallar kwalaben ƙwayoyi masu ɗauke da sunan antioksidan: bitamin C, bitamin E, CoQ10, laikofin, da garin koren shayi da aka ɗura a kafso. Cikin cututtukan da ake cewa suna maganinsu har da jinin dasashi, da warin baki, da haƙori mai girgiɗi. Matsayina a kan wannan a fili yake. Duk wanda dasashinsa ke jini, sidinsa na farko na likitan haƙori ne. Ƙwaya, in ma za ta shigo, a baya take zuwa, kuma ba kowa ne ke bukatarta ba.

Dalilin yana cikin yadda ciwon yake farawa. Kullum wata dauɗa mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, tana taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. A 1965 wani masani, Harald Löe, ya sa wasu masu lafiyayyen baki a Danmak su daina goge haƙori. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke cikin kusan mako guda. Wannan shi ne matakin farko, kuma yana warkewa sarai. Amma idan dauɗar ta daɗe, ma'adinan da ke cikin yawu sukan daskarar da ita ta zama kamar dutse, ta manne wa haƙori, ta gangara ƙarƙashin dasashi. Daga nan buroshi ba ya cire ta, asuwaki ba ya cire ta. Dasashi sai ya fara rabuwa da haƙori, aljihu ya buɗe a tsakaninsu, ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar haƙori ya riƙa zaizayewa. Likita yana auna aljihun da wani siririn ƙarfe mai zane-zane. Zurfin milimita 1 zuwa 3 lafiya ne. Daga 4 zuwa sama akwai matsala, 6 kuwa ciwo ya yi nisa. Abin takaicin shi ne yawanci ba ya zafi sai ya kusa gama ɓarna, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya suna da mai tsananin wannan ciwo, wato mutane sama da biliyan 1.

Masu tallar antioksidan ba daga iska suka ɗauko maganarsu ba, dole a ba su wannan. Idan ƙwayoyin cuta suka taru a aljihun dasashi, fararen ƙwayoyin jini suna zuwa yaƙi, suna fesa wasu sinadarai masu kaifi da suka samo daga iskar oksijin. Sinadaran suna kashe ƙwayar cuta, amma idan yaƙin ya ƙi ƙarewa sai su koma cin naman dasashin kansa da zaren da ke ɗaure haƙori da ƙashi. Aikin antioksidan shi ne dakushe wannan kaifi. An kuma lura cewa masu ciwon dasashi sukan kasance da ƙarancinsa a jini da yawu. Zuwa nan babu gardama.

Gardamar tana wajen tsallen da ake yi daga nan zuwa cewa haɗiyar ƙwaya magani ce. Gwaje-gwajen da aka yi a kan CoQ10 da laikofin da bitamin E yawancinsu ƙanana ne, mutane kaɗan, watanni kaɗan. Mafi muhimmanci, kusan dukkansu an ba da ƙwayar ne bayan an kankare wa marasa lafiyar haƙora, wato likita ya cire musu dutsen. Inda aka ga ƙarin sauƙi, ɗan kaɗan ne a kan wanda kankarar ta riga ta kawo. Shi ya sa ƙa'idojin jinya da Tarayyar Likitocin Dasashi ta Turai ta fitar a 2020 suka ɗora magani a kan tsaftar baki, da barin taba, da daidaita sukari, da kankara a ƙarƙashin dasashi. Ba su sa ƙwayoyin antioksidan cikin matakan ba, har ma sun ce kada a ƙara man kifi na omega-3 a matsayin maganin ciwon. Muddin dutsen yana nan, fararen ƙwayoyin jini za su ci gaba da fesa sinadarinsu dare da rana, ko kwalba nawa mutum ya shanye.

Bitamin C ne kaɗai zan ware. Jiki ba ya iya saƙa zaren da ke riƙe da dasashi sai da shi, kuma tsananin rashinsa yana sa dasashi ya kumbura ya yi ta jini, ciwon da James Lind ya gwada maganinsa da lemu a kan matuƙan jirgin ruwan Ingila a 1747. Tsohon da haƙoransa suka zube har ya koma koko da shayi da burodi, ko mai shan taba, ko wanda ya daɗe yana jinya, suna iya rasa shi, kuma su ƙwaya tana yi musu amfani na gaske. Amma a duba adadin. Namiji na bukatar kusan miligiram 90 a rana, mace 75, mai shan taba ya ƙara 35. Matsakaicin lemu ɗaya yana ba da kusan 70. Gwaba mai nauyin giram 100 tana ba da fiye da 200. Ga gwanda, ga abarba, ga mangwaro in lokacinsa ya yi, duk ana sayar da su a bakin titin zango. Sai dai a ci su ɗanye, domin zafi yana lalata bitamin C, miyar ayoyo da ta daɗe a wuta ba za a dogara da ita ba. Wanda jikinsa ya ƙoshi, yawancin rarar ƙwayar miligiram 1,000 da yake sha fitsari take bi.

Kuma ba a ce ƙwayar ba ta da illa ba. Bitamin C da ake taunawa yana da tsami, yana cin farin bawon haƙori idan aka mayar da shi alewa. Wuce miligiram 2,000 a rana yana kawo zawo, yana kuma ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Bitamin E mai yawa yana sa jini ya ƙi tsayawa, musamman ga mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, abin da ke da haɗari ranar cire haƙori. CoQ10 shi ma yana iya rikita aikin wafarin. A wani babban gwaji a Amurka da aka bayyana sakamakonsa a 2011, mazan da suka sha bitamin E awo 400 (IU) a kullum sun fi kamuwa da dajin furosteti, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin 100. A Finlan kuwa, gwajin 1994 a kan maza masu shan taba sama da 29,000 ya nuna ƙwayar bita-karotin, wadda ita ma antioksidan ce, ta ƙara musu dajin huhu da kashi 18. Masu shan taba su ne ciwon dasashi ya fi ci, su ne kuma wannan ƙwaya ta fi cutarwa. Lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, a jikin kwalba tana da muhimmanci, a duba ta, amma rajistar ƙarin abinci ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da dasashi.

Abin yi kuwa bai da sarƙaƙiya. A je sashen haƙori, ko na asibitin koyarwa na Komfo Anokye ko na asibitin gwamnati mafi kusa, a nemi a auna aljihunan dasashi, kada a tsaya ga duba rami kawai. A yi kankara sama da ƙasa, da allurar kashe zafi in aljihun yana da zurfi. A koma bayan wata biyu zuwa uku a sake awo, domin aljihun da ya tsaya a milimita 6 ko fiye yana iya bukatar ƙaramin aiki. A gida, buroshi mai laushi sau 2 a rana, minti 2, a karkata shi zuwa bakin dasashi, da man goge baki mai fuloraid. Tsakanin haƙora kuma zare ko ɗan ƙaramin buroshi sau ɗaya a rana. Asuwaki yana da kyau, amma da wuya ya isa tsakanin turame da bayansu. Ruwan kurkure baki na kuloheksidin na ɗan lokaci ne, kamar mako biyu, in ya daɗe yana rina haƙori.

Akwai wata magana da ke yawo a zango, wai kankara tana sa giɓi tana kuma sassauta haƙori. Wannan magana ta jawo asarar haƙora da yawa. Giɓin da ake gani bayan kankara dama yana nan, dutse ne da kumburi suka rufe shi. Jin sanyin ruwa a haƙori na 'yan makonni shi ma abu ne da aka sani, yana lafawa.

Sai abubuwan da ke ɓata jinya ko da an yi komai daidai. Ciwon sukari da ba a daidaita ba yana ninka haɗarin ciwon dasashi kusan sau 3, jinyar dasashin kuma tana rage ma'aunin HbA1c, wato awon matsakaicin sukarin jini, da kusan maki 0.4 cikin 'yan watanni, don haka mai jinin dasashi da ya haura shekara 40 ya gwada sukarinsa. Taba tana matse jijiyoyin jini, sai dasashi ya daina jini alhali ƙashi na ci gaba da tafiya. Magungunan hawan jini irin su nifedifin da amlodifin, waɗanda iyayenmu da dama ke sha, suna iya sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. Kada Baba ko Hajiya su daina sha da kansu, a gaya wa likitan da ya rubuta, shi zai duba ko a canza. Mai juna biyu ma dasashinta yakan yi jini, kuma ana iya yi mata kankara, an fi so a tsakanin wata na 4 da na 6.