Jan mayafi ba ya mai da jemage tsuntsu

Ba da kowa nake ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Akwai wani a unguwarmu nan Gadarif ta Sudan, tun da ya samu jan mayafi ya ɗaure a wuya, ba ma shan gahawarmu ta jabana cikin kwanciyar hankali. Kullum yana kan benci wajen mai shayi, "mu 'yan gurguzu, mu 'yan gwagwarmaya." Jiya wani yaro ya tambaye shi shekarar da aka kafa jam'iyyar gurguzu ta Sudan, sai ya hau hura shayin da ya riga ya huce.

To bari in taimake ka, ya zol. A 1946 aka kafa ta, ƙarfinta kuma daga ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara da manoman audugar Jazira ya fito. Da ita aka yi boren Oktoban 1964 da ya kifar da mulkin sojan Janar Abbud. A 1965 Fatima Ahmed Ibrahim ta zama mace ta farko a majalisa, kafin shekarar ta ƙare kuma aka haramta jam'iyyar, aka kori wakilanta. Sai Yulin 1971. Juyin mulkin Hashim al-Atta, hafsan soja mai ra'ayin gurguzu, kwana uku ya yi, shugaba Numeiri da aka kifar ya dawo da igiya. Aka rataye sakataren jam'iyyar, Abdulkhaliƙ Mahjub, aka rataye Shafi'i Ahmed al-Shaikh, mijin Fatimar nan, da Joseph Garang. Nugud, wanda ya gaji Mahjub, ya shafe shekaru yana ɓuya daga wannan gida zuwa wancan, jaridarsu Al-Midan ana miƙa ta hannu da hannu kamar kayan sata.

Ni ba na cewa ba su da laifi. Wasunsu sun yi wa Numeiri tafi a 1969, kuma sun sha ɗacinsa. Amma mutanen nan sun biya da wuyansu.

Kai fa? Zamanin da faɗin sunan jam'iyyar nan ke kai mutum gidan da ba a ganin rana, mun san motar da ke sauke ka da daddare, mun san teburin da kake cin gasasshen nama.

Jam'iyyar ta ce babu raba mulki da soja, har ta fice daga ƙawancen farar hula a 2020. A lokacin ne kai kuma kake zagaya ofisoshi da takardunka a jaka, kana neman kujerar kwamitin rabon burodi.

Af, mai shayi ta ce in tuna maka, kofi goma sha ɗaya ne a littafinta.