Dubai Na Ƙirga Masu Shigowa, Ba Ta Ƙirga Shekarun Waɗanda Suka Zauna

Tun tsakiyar shekarar 2025, lokacin da jami'an hukumar birnin Dubai suka fara bi gida-gida a unguwannin Al Rigga da Muraqqabat da Satwa da Al Barsha suna sa a ɓamɓare ɗakunan da aka yanka da katako a cikin gidajen haya, wata magana ta yawaita a bakin masu sha'awar birnin, ciki har da mutanenmu da ke zuwa yawon buɗe ido na mako guda su dawo da hotuna. Maganar ita ce wai ba wanda ya ɗaure kowa a Dubai, wanda haya ta fi ƙarfinsa ya tattara nasa-ya-nasa ya koma ƙasarsu. Ana faɗinta cikin gadara kamar ta rufe duk wata muhawara, alhali kuwa kaucewa ce daga tambayar da ya kamata a yi, wato me ya sa mutumin da ya shekara goma sha biyar ko ashirin yana aiki a gari, bai taɓa saɓa wa doka ba, ya wayi gari ba ya iya kama ɗaki mai ƙofa da taga a unguwar da ya tsufa a cikinta.

Babu mai hankalin da zai kare ɗakunan katako. Gobarar da ta tashi a wani bene a Al Ras da ke Deira, tsohon yankin kasuwanci na Dubai, a watan Afrilun 2023 ta kashe mutum 16, kuma duk wanda ya taɓa leƙa irin waɗannan gidaje ya san yadda suke: falo guda an tsaga shi gida huɗu ko biyar, baranda ta koma ɗakin kwana, gadaje masu hawa biyu a jere, wayoyin lantarki a harɗe a kan soket ɗaya, ga tukunyar gas a lungu. Hukuma na da gaskiya da ta ce wannan tarkon mutuwa ne. Abin da ba ta faɗa ba shi ne inda mai jiran kanti da direban tasi da akawun kamfanin kago za su kwana bayan an cire katakon, domin ba sha'awa ce ta kai su can ba.

Lokacin ƙidayar 1975 mutanen Dubai ba su kai 200,000 ba. A 2025 sun kai kusan miliyan 4, kuma tsarin raya birnin da aka ƙaddamar a 2021 yana hasashen miliyan 5.8 nan da 2040. Duk lokacin da adadin ya haura wani sabon mataki sai kafofin yaɗa labaran ƙasar su yi ta murna kamar an ci kofi. 'Yan ƙasa kuwa, Imaratawa, kusan kashi ɗaya ne cikin goma. Sauran duka baƙi ne a idon doka, ko da an haife su a asibitin Rashid, ko da iyayensu sun zo ne zamanin da Sheikh Rashid bin Sa'id yake gina tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali da aka buɗe a 1979. Waɗannan su ne mutanen da nake magana a kansu: tela ɗan Kerala da ya ɗinka wa uba da ɗa da jika, malamar makaranta 'yar Sudan, ɗan Fakistan mai garejin gyaran mota, ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke haɗa wa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi kaya a unguwar Naif yana aika musu. Birnin ya girma a kan bayansu, kuma girman nasa ne yanzu yake ture su zuwa gefe.

A nan ne masu kare tsarin suke ɗaga takarda su ce ai akwai doka. Gaskiya ne, akwai. Dokar 2013 ta ƙayyade yadda mai gida zai iya ƙara wa tsohon ɗan haya kuɗi: idan abin da yake biya bai gaza farashin kasuwa da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba, babu ƙari, daga nan ƙarin yana hawa mataki-mataki, kashi 5, kashi 10, kashi 15, har zuwa kashi 20 ga wanda hayarsa ta gaza kasuwa da fiye da kashi 40. A takarda wannan kariya ce mai kyau. Sai dai ma'aunin da ake auna komai da shi shi ne farashin kasuwa, kuma kasuwar ce ta haukace tun bayan annobar korona, ta ƙara haukacewa da kwararowar masu kuɗi daga Rasha bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022, da wasu daga Indiya da Birtaniya. Idan ma'aunin kansa yana hawa kowace shekara, dokar ba ta hana ƙari ba, ta dai raba shi kashi-kashi ne domin ɗan haya ya haɗiye shi a hankali. Sabon ma'aunin da hukumar filaye ta fito da shi a farkon 2025, wanda yake ba kowane bene darajarsa, ya ƙara daidaita lissafin, amma bai sauya alkiblarsa ba.

Akwai kuma ƙofar baya da kowane daɗaɗɗen ɗan haya ya sani. Doka ta yarda mai gida ya ba da sanarwar wata goma sha biyu ta hannun hukuma idan ya ce zai sayar da gidan ko shi da kansa zai shiga. Ɗan haya ya fita, bayan 'yan watanni kuma sai ya ga an tallata gidan da sabon farashi. An ce yana iya kai ƙara cibiyar sasanta rigingimun haya ya nemi diyya, kuma akwai waɗanda suka yi suka ci. Amma sai ya biya kuɗin shigar da ƙara, ya ɗauki hutu daga aiki, ya tara hujjoji, duk a lokacin da yake fafutukar haɗa kuɗin sabon gida, wanda a al'adar garin ake biya da cek ɗaya ko biyu ko huɗu na shekara, ga ladan dillali, ga kuɗin ajiya. Mai albashin wata ba ya da wannan numfashin, kuma masu gidaje sun san haka.

To ina ake komawa? Masarautun Sharja ko Ajman da ke kusa da Dubai, ko sababbin unguwannin da ke can cikin sahara. Daga nan sai mutum ya fara biyan haya da barcinsa. Duk wanda ya taɓa bin titin Al Ittihad ko titin Sheikh Mohammed bin Zayed da sassafe ya ga layin motoci tun kafin gari ya waye, mutane na karya kumallo a kan sitiyari, yara cikin kayan makaranta suna gyangyaɗi a kujerar baya, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin da tsakar dare ba tana cin awa ɗaya da rabi ko fiye. Maganin da aka kawo wa cunkoson shi ne ƙarin kuɗi. Ƙofofin karɓar kuɗin hanya na Salik, waɗanda aka fara a 2007 a kan dirhami 4, sun kai goma a ƙarshen 2024, sannan daga ƙarshen Janairun 2025 aka mayar da kuɗin dirhami 6 a lokutan tafiya aiki da tashi. An ce manufar ita ce a sa mutane su sauya lokacin fita. Attajirin da ke zaune a tsibirin Palm yana iya sauya lokacinsa, ko ma ya biya bai ji ba. Wanda maigidansa ya ce masa ƙarfe takwas, ƙarfe takwas ne. Sabon layin jirgin ƙasa na cikin gari da aka yi alkawari ba zai fara aiki ba sai 2029, kuma shi ma ba zai shiga Sharja ba.

Hujjar da aka fi jifan mutane da ita ita ce babu harajin albashi. Wannan magana ta tsufa. Tun 2018 ake biyan harajin saye na kashi 5, tun 2023 kamfanoni ke biyan kashi 9 na riba, kuma baƙo ɗan haya yana biyan kashi 5 na kuɗin hayarsa na shekara a matsayin kuɗin gidaje da ake cusawa cikin takardar wuta da ruwa, ma'ana duk lokacin da mai gida ya ƙara masa haya, hukuma ma ta ƙara. 'Ya'yansa kusan dole makarantar kuɗi za su yi. A tara kuɗin sabunta iƙama da na gwajin lafiya da na inshora da na ajiye mota, a kira su da duk sunan da aka ga dama. Daga aljihu ɗaya suke fita. Bambancinsu da haraji shi ne mai biyan haraji a wasu ƙasashe yana sayen wani haƙƙi da shi, fansho ko izinin zama na dindindin ko ƙuri'a, shi kuwa wannan rasit kawai yake samu.

Wannan ne zuciyar al'amarin, kuma shi ne abin da masu cewa "ya koma ƙasarsu" ba sa son a taɓa. A tsarin Dubai, shekaru ba sa taruwa su zama komai. Iƙamar yawancin ma'aikata a ɗaure take da aiki, kuma ranar da aikin ya ƙare ake fara ƙirga kwanakin da suka rage wa mutum ya sami wani ko ya fita, ko ya shekara biyu ne ko talatin. Abin da zai tafi da shi shi ne kuɗin sallama: albashin kwana 21 a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, na kwana 30 a kan kowace shekara bayan haka, a lissafa a kan gundarin albashi ban da alawus, kuma duka kada ya wuce albashin shekara biyu. Ɗansa namiji da aka haifa a garin yana zama a ƙarƙashin iƙamarsa ne zuwa shekara 25, daga nan sai ya nemo tasa hujjar zama a ƙasar da bai san wata ba. A gefe guda, wanda ya sauka a filin jirgi jiya ya sayi gida na dirhami miliyan 2 ya cancanci bizar zinare ta shekara goma. Tsohon mazauni ya zama kamar tsohuwar tabarma da aka shimfiɗa tun ana gina gida, da aka gama aka sa kafet sai aka naɗe ta aka jingine a bayan ƙofa.

Za a ce an yi gyare-gyare, kuma an yi. Akwai bizar ritaya ga wanda ya kai shekara 55, amma sharuɗɗanta na kadara ko ajiya ko kuɗin shiga sun fi ƙarfin galibin waɗanda suka fi buƙatarta. An gyara dokar zama ɗan ƙasa a 2021, amma ga zaɓaɓɓun masu zuba jari da likitoci da masana da masu fasaha ne, kuma ba nema ake yi ba, sai manya sun gabatar da sunan mutum. Abin da ya fi jan hankalina shi ne lokutan da gwamnatin Dubai ta ba da bizar zinare ga limamai da ladanai da suka shekara ashirin suna hidima, da kuma ma'aikatan jinya na asibitocinta da suka haura shekara goma sha biyar. An yi abin kirki, amma ya tona asiri: ashe an san cewa daɗewa cikin hidima hujja ce. Me ya sa take zama hujja ga ladan amma ba ta zama ga direban motar makaranta da ya yi shekaru iri ɗaya ba?

Kuma waɗannan mutane ba su ne suka gudu ba lokacin da abubuwa suka lalace. A ƙarshen 2009, da kamfanin Dubai World ya nemi a ɗaga masa biyan bashi, farashin gidaje ya faɗi da kusan rabi, sai da Abu Dhabi ta kawo ɗaukin dala biliyan 10, kuma dogon benen da za a kira Burj Dubai ya wayi gari da sunan Khalifa. Masu zuwa cin kasuwar gidaje sun watse, wasu har suna barin motocinsu a filin jirgi. Masu kantuna a Karama da Bur Dubai da Deira su suka zauna, suka ci gaba da biyan haya da kuɗin lasisi har gari ya farfaɗo. Yanzu da ya farfaɗo, su ake gaya wa cewa kasuwa ba ta san sabo ba.

Ba a tambayarsu komai, wannan ma wani ciwo ne da ba a cika faɗa ba. A farkon 2022 aka mayar da hutun mako Asabar da Lahadi, Juma'a ta koma rabin ranar aiki a ma'aikatun gwamnati, domin a dace da kasuwannin duniya. Iyalan da suka saba da Juma'a ranar masallaci da zumunci suka ji a sanarwa kamar kowa. A 2024 aka amince da kashe dirhami biliyan 128 a kan sabon filin jirgin Al Maktoum, da niyyar kwashe duk zirga-zirgar babban filin jirgin na yanzu zuwa can cikin kimanin shekara goma. Kasuwancin Deira, otal-otal ɗinta masu sauƙin kuɗi da ofisoshin kago da gidajen abincinta, ya rayu ne da kusancinsa da wannan tsohon filin jirgi, kuma ban ji wanda ya tsaya ya yi wa masu wannan sana'a bayanin makomarsu ba. 'Yan Najeriya mazauna can sun riga sun ɗanɗana yadda zaman baƙo yake rataye da zare lokacin da aka dakatar da ba 'yan ƙasar biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024: abokan cinikinsu suka daina zuwa, haya kuwa ba ta daina zuwa ba, kuma babu ɗayansu da ke da hannu a saɓanin gwamnatocin biyu. Gwamnoninmu da ke hawa mumbari suna alkawarin mayar da jihohinsu Dubai, da ma su riƙa faɗin wace Dubai suke nufi.

Ban ce a raba wa miliyoyin mutane fasfo ba. Ƙasar da 'yan asalinta suka zama tsiraru a gidansu tana da dalilin yin taka-tsantsan, kuma wannan ba shi ne abin da yawancin mazauna ke nema ba. Abin da hankali zai ɗauka shi ne izinin zama wanda shekaru ke saya, ba kuɗi kaɗai ba, ta yadda wanda ya cika shekara ashirin ba tare da laifi ba zai daina zama a hannun maigidansa. Sai a toshe ƙofar sanarwar ƙarya ta hanyar ɗora wa mai gida nauyin tabbatar da cewa ya sayar ko ya shiga da gaske, maimakon a bar wanda aka kora yana bin sawu da kuɗinsa. Sannan a tilasta wa manyan kamfanonin gine-gine, waɗanda da yawansu gwamnati na da hannun jari a ciki, su ware wani kaso na abin da suke ginawa ga masu matsakaicin albashi a kusa da tashoshin jirgin ƙasa. Birnin da ya amince da dirhami biliyan 30 domin magudanan ruwa watanni biyu kacal bayan ambaliyar Afrilun 2024 ba zai ce kuɗi ko gaggawar yanke shawara ne suka gagare shi ba.