Na Bakwai Zai Ba Ka Mamaki

Ni ne fa mai yi wa dangi faɗa a zaurenmu na WhatsApp. Duk wanda ya turo labarin da bai karanta ba, ni zan fara tsare shi da "ina majiyarka?" Har ana ce min alƙalin zaure. Ashe ranar wanka tana nan tafe, cibiyata kuwa ba ƙarama ba ce.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare na kwanta, na ce bari in leƙa waya minti biyu in ga ko duniya na nan yadda na bar ta. Sai ga wani take da manyan baƙaƙe: "DA ƊUMI-ƊUMI: Likitoci sun girgiza! Abubuwa 12 da kake yi kullum suna cinye maka ƙwaƙwalwa. Na 7 zai ba ka mamaki." A ƙasa ga hoton wani bawan Allah ya dafe kai, an zagaye kunnensa da jan layi, ga kibiya tana nuna kunnen. Me ya sami kunnen? Ban san lokacin da na shafa nawa ba.

Tun kafin in buɗe, tausayin dangi ya kama ni. Na tura zaure, na rubuta: "Don Allah kowa ya karanta, muhimmi ne." Sannan na latsa.

Shafin farko babu ko abu na ɗaya. Sakin layi uku ne ana sanar da ni cewa ƙwaƙwalwa a cikin kai take, kuma tana da amfani ga ɗan Adam. Madalla. A ƙasa sai ga maɓallai uku, kowanne an rubuta masa "ci gaba". Na farko ya kai ni tallar maganin sanƙo. Na biyu ya taya ni murna wai na ci sabuwar waya. Na ukun, wanda bai fi kan allura ba, shi ne na gaskiya, kuma babban yatsana sai da ya kuskure shi sau huɗu.

Abu na ɗaya: yawan damuwa. To na gode, kun ƙara min. Na biyu: rashin shan ruwa. Kowane abu an raba shi gida biyu, hoto a shafi ɗaya, jimla guda a shafi na gaba. Su kuwa likitocin da suka girgiza, ban ga sunan ko ɗayansu ba, balle in yi musu sannu.

Ina kan na biyar wani bidiyo ya kunna kansa da iya ƙarfinsa. Uwargida ta zabura.

"Malam, lafiya?"

"Lafiyar nake bincike."

"Da ƙarfe ɗayan dare?"

Ta juya ta ja bargo. Ina kaiwa na shida, saura taku ɗaya, data ta ƙare. Mai hankali a nan zai ajiye waya. Ni kuwa na sayi wata, shafin ya sake lodi, ya mayar da ni tun daga inda ake bayanin cewa ƙwaƙwalwa a cikin kai take. Na sake bi ta kan mai sanƙo, na sake cin waya. Ƙarfe biyu da minti ashirin, ido ya yi jawur, na iso na bakwai.

"Rashin isasshen barci, musamman duba waya da dare."

Gaskiya dai sun cika alkawari. Na yi mamaki.

Da safe ƙanwata, wadda ta karanci aikin jarida, ta kira ni tana dariya har da tari. "Yaya, kai ma?" Ta ce ai ba labari suka sayar min ba, ni suka sayar. Masu talla suna biyan shafi gwargwadon yawan lokutan da aka nuna tallarsu, galibi a kan kowane dubu. Jimla 12 a shafi ɗaya kuɗi kaɗan ne, amma a baje su a shafi 24 an ninka ciniki. Shi kuma "na bakwai" ƙugiya ce. Tun 1994 wani masani, George Loewenstein, ya bayyana cewa son sani yana tashi ne idan mutum ya ga giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake son sani, sai ya dame shi kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya.

Na ce ai laifin zamanin intanet ne. Ta ce ina! A 1835 jaridar The Sun ta birnin New York ta buga jerin rahotanni shida cewa masanin taurari John Herschel ya hango halittu a duniyar wata, har da mutane masu fukafukin jemage, jama'a suka yi ta rububin saye.

A nan ne abin ya ƙara ba ni haushi. Waɗancan aƙalla sun zauna sun yi gumi, sun ƙago ƙarya mai kai da ƙafa, mai fukafukai ma. Na yau ko ƙaryar ba sa wahalar yi. Babu ƙarya a cewa mutum ya sha ruwa ya yi barci. Buhu ne aka ɗaure bakinsa tamau, aka rubuta "kada ka buɗe", ka kwana kana kwancewa, ka tarar da iska.

Ta ce Facebook ma ya yi yunƙurin rage irin waɗannan take a 2014, yana duba ko mutum ya daɗe yana karatu ko ya dawo nan take, ya sake wani yunƙurin a 2016 a kan take masu ɓoye gundarin magana. Sannan ta soka min wuƙar ƙarshe: a 2016 ɗin masu bincike na Jami'ar Columbia da takwarorinsu na Faransa sun gano cewa kashi 59 cikin 100 na labaran da aka yaɗa a Twitter babu wanda ya latsa su. "Kada ka damu, Yaya, kuna da yawa. Kai har ka fi su, ka karanta daga baya."

Na buɗe zaure da niyyar goge saƙon a ɓoye. Mutum goma sha ɗaya sun riga sun rubuta "Allah ya kare mu", uku sun tura gaba. Sai ga kiran Kawu.

"Ɗana, na kai na huɗu aka ce na ci waya. Yaushe za su kawo?"

"Kawu, babu wata waya, kada ka ba su lambarka."

"Af! To shi na bakwan mene ne? Tun asuba abin ke cina."

"Barci ne, Kawu."

"To shi ke nan, koma ka kwanta. In ka tashi ka gaya min."