Idan Bindiga Ta Cije, Ba a Leƙa Bakinta

Ƙannena matasa da kuka shiga farauta da aikin sa-kai a ƙasar Bauchi, abin da na gani makon jiya a wani ƙauye da ke kan hanyar Ningi shi ya hana ni yin shiru. Ana gwajin harbi bindigar wani saurayi ta cije, sai ya kafa gindinta a ƙasa yana dukanta da ƙafa, bakinta kuwa yana daidai haɓarsa, abokansa sun kewaye shi suna dariya. Da ta ƙi motsi, ya rufe ido ɗaya ya leƙa cikin bututun.

Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi ba ta cijewa haka siddan. A yawancin irinta, iskar da albarushi ke fitarwa ce take tura ƙarfen ciki baya, ya fizgo kwanson da ya ƙone ya jefar, sannan sifirin ya mayar da shi gaba ya ɗauko sabon harsashi. Abin da ke katse wannan kai da komowa sananne ne: ƙurar hunturu da ta gauraya da man da kuka lafta har ta zama caɓi, baƙin hayaƙin da ya toshe hanyar iska, gidan harsashin da ya lanƙwashe, ko harsashin da ya sha danshin damina. A cikinsu babu wanda duka ke gyarawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne harsashin da aka ja masa kunama bai tashi ba, domin yana iya tashi bayan ɗan jinkiri, a daidai lokacin da kuke juya bakin kuna leƙe. Akwai kuma wanda ke yin ƙara marar ƙarfi ya maƙale a tsakiyar bututu. Wanda ya sake harbi alhali wancan na maƙale, bututun na iya fashewa a hannunsa. Cire gidan harsashi ma bai nuna bindiga ta zama fanko ba, don sau da yawa ɗaya ya riga ya hau. Mai hankali yakan kawar da bakin daga mutane, ya ɗauke yatsa daga kunama, ya saurara, sannan ya miƙa ta ga masani. Ku kuwa sai jijjiga, sai leƙe, sai zura sanda!

Idan ɓarna ta auku kuma ku ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaggawa aikin shaiɗan ce, ganganci kuma ba a yi masa laƙabi da ƙaddara. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, balle ya juya bindiga mai harsashi a tsakiyar jama'a. Wasu sun dogara da laya da guru, wasu sun haɗiyi ƙwaya kafin su fito, wasu kuma hoton da za su ɗora a TikTok ne kawai a gabansu, alhali dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe irin wannan bindiga babu lasisi.

A da, yaro yakan shekara yana bin Sarkin Baka da goran ruwa da jakar albarushi, yana kallon yadda ake goge bindiga da yadda ake jingine ta, kafin a yarda ya taɓa ta. Wanda ya nuna wa mutum bakinta ko da wasa, ranar ake korarsa daga tawaga. Yanzu yaron da jiya-jiya ya fara rataya ta shi ne ke ce wa dattijo ya matsa, ya san abin da yake yi.